Huka da ciki: abin da nike rubutawa tun daga wata ukku

Litinin 14 ga Oktoba 2024

Na yanke shawara wanga karon zan riƙa rubuta komi, don a cikin ɗiyata na fari ban rubuta komi ba, ranar da likita ya tambaye ni sau nawa nike shaƙar Ventoline a sati sai na tsaya ina kallon shi kamar wadda ba ta taɓa taka lakwal ba, alhali ni ce mai koya ma ƴan CM1, aji biyar na firamare, lissahi a nan Tahoua. Yau cikin yana da sati 12 da kwana biyu bisa ga lissahin madam ɗin awo, haihuwa wajen ƙarshen Afrilu in Allah Ya kai mu.

Bari in faɗi laihina tun da wuri. Ina da abin shaƙa guda biyu, shuɗi wato Ventoline na lokacin da ƙirji ya matse, da mai ruwan ƙasa beclometasone wanda ake shaƙa sahe da dare ko da mutum na jin garau. A cikin fari ina ganin wata ya wuce na jefa mai ruwan ƙasan cikin akwati, don kowa a gida cewa yake magani na taɓa ɗan ciki, ni kuma na ga an rubuta kortikoyid, wato dangin maganin kwantar da kumburi, a takardar cikin kwali sai tsoro ya kama ni. A wata bakwai huka ta kada ni, kwana huɗu a gadon asibiti da oksijan, yarinya ta zo da kilo 2,1 ƴar mitsitsiya kamar ɗan tsako. Wanga karon ma wallahi na sake ajiye shi sati ukku kahin in je awo, hali zanen dutse.

Madam ta buɗe karne ta ga tarihin, ba ta ce min komi ba ta tura ni wurin likita. Shi ne ya zamna ya yi min bayani a natse. Ya ce ɗan da ke cikinki ba shi da hanci a waje, iskar da kika ja ita yake samu ta jininki, ranar da ƙirjinki ya toshe shi ma ya toshe. Maganin shaƙa kuma huhu yake tahiya kai tsaye, abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai, an daɗe ana ba mata masu ciki shi. Ya ce masu huka in sun ɗauki ciki kusan kashi ukku suke rabuwa, wasu su samu sauƙi, wasu su zamna yadda suke, wasu abin ya tsananta, kuma sau da yawa ciki na biyu bin sawun na fari yake. Ke nan na san layin da nike.

Na koma shaƙa biyu da sahe biyu da dare, in kurkure baki in tofar bayan kowane, don kada farin nan na baki ya hito min ko murya ta dushe.

Laraba 30 ga Oktoba

An koma lakwal shekaranjiya, bana an ɗaga komawar har 28 ga wata saboda ambaliya. Kalas ɗina wata huɗu a kulle, ƙura da kashin jemage da warin ruma, ina buɗe ƙofa na ji ƙirji ya fara kukan nan na kyanwa. Na hita na bar manyan yara sunka share sunka yayyafa ruwa, ni ina can ƙarƙashin bedi da babet, ƙyallen rufe hanci da baki, a huska.

Alli shi ne babban abokin gabana. Na roƙi direkta a bar ni in riƙa goge tablo da soso jiƙaƙƙe, kuma yaro ɗaya ke gogewa ni ina bakin taga. Ya yarda ba gardama, Allah Ya saka mishi.

Asabar 9 ga Nuwamba

Ƙanen maigida ya aiko min da abin auna huci daga Yamai cikin bus, wata ƴar roba ce mai lambobi, ka cika ƙirji ka hura da ƙarhi gaba ɗaya sai allurar ta tsaya a wani wuri. Sau ukku ake hurawa a ɗauki mafi girma. Likita ya ce in yi sati biyu ina aunawa sahe da marece mu ga lambata ta lahiya. Kawo yanzu mafi kyau 400.

Ya rubuta min a bayan karne da hannunshi: daga 320 zuwa sama lahiya lau, in ci gaba yadda nike. Tsakanin 200 da 320 in shaƙi shuɗi in zo a gan ni a ranar. Ƙasa da 200, ko in kasa ƙarasa magana da lumfashi ɗaya, ko in ji yaro ya rage motsi, babu jiran gari ya waye. Abin da ya ban mamaki, ya ce ciki kanshi ba ya rage wannan lambar, ko ciki ya kai wata tara in huhu lahiya yake lambar tana nan kusa da inda take. Haki na mai ciki daban, wannan mata da yawa na yi tun ciki na ƙarami, amma ba ya zuwa da tari da kukan ƙirji da tashin dare. To yanzu in na ji haki ba sai na yi ta zato ba, in hura in gani.

An ba ni Fansidar ukku na rigakahin zazzaɓin sauro na sha gaban madam, da ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar tetanos, da gidan sauro. Gidan sauron sabo na shanya shi a inuwa kwana guda kahin in ɗaura don warin maganin.

Lahadi 24 ga Nuwamba

Yaƙin gida ya fara. Ba da huka ba, da hayaƙi.

Muna gida ɗaya da Hajiya uwar maigida, shi yana Abijan wurin bida kamar rabin mazan unguwarmu, sai dai waya. Hajiya mace ce mai tsabta da son ƙamshi, kowace magariba sai kasko ya zagaya ɗakuna da turaren wuta, da dare kuma a kunna maganin sauro mai naɗin nan da ke ci har asuba. Girki da itace a tsakar gida, iska na kwaso hayaƙin kai tsaye zuwa tagata. Na daɗe ina jin nauyin yi mata magana, surukuwa ce, ba a buɗe baki haka nan. Ranar Alhamis da dare na hura na samu 300, sai na ɗauki abin na tahi ɗakinta na durƙusa na ce Hajiya don Allah ki diba wani abu. Na nuna mata lambar sahe 380 da ta bayan turare 300. Ta juya robar ta ce ita wannan abu na nasara ba ta san shi ba, su sun haihi goma cikin hayaƙi ba abin da ya same su. Na yi shiru. Can sai ta ce amma ta tuna yadda anka kwashe ni wancan karon, ba ta son ta sake ganin haka.

Abin da munka daidaita a kai: turare a ɗakinta kawai kuma ƙofa rufe, maganin sauro mai hayaƙi an daina kowa ya shiga gidan sauro, murhu an maida shi bayan gida wajen garka. Ni kuma na karya adashina na sayi ƙaramin butel ɗin gaz mai kilo 6 don ranar girkina. Ban samu duka abin da nike so ba, gawayin shayin ƙannen maigida yana nan a zaure, amma dai an rage.

Talata 10 ga Disamba

Eko yau, wato hoton ciki, sati 20 da ƴan kwanaki, komi daidai, girman yaro ya yi daidai da watanninshi. Wannan shi na hi jin tsoro saboda ta fari. Lamba 370 zuwa 390 duk satin. Shuɗi sau ɗaya kawai.

Juma'a 27 ga Disamba

Hunturu ya sauka da gaske. Kwana ukku ba a ganin rana sai wani farin faifai, daga ƙofar gidanmu ba ka hango hasumiyar masallacin unguwa, ƙura har cikin kwanon tuwo. Mu mutanen Ader mun saba, amma huhuna bai taɓa sabawa ba. Sa'ar da na yi ana hutun lakwal. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma jiƙaƙƙe, shara sai an yayyafa ruwa, katifa da bargo ɗiyar maƙwabta ke kakkaɓe min a waje ina ciki.

Mai ruwan ƙasa ya kusa ƙarewa, na zagaya farmasi ukku babu, kowa sai ya miƙo min Ventoline ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Shuɗi buɗe hanya yake na ƴan awoyi, mai ruwan ƙasa shi ke kwantar da kumburin da ke cikin hanyoyin iska, kuma sai an jima ana shaƙa yake aiki. Wata mai saida magani har cewa ta yi madam da ciki kike shaƙar kortikoyid, ba ki tsoron Allah. Ban tanka ba don in na tanka za a ji mu a titi. A ta huɗu na samu guda ɗaya, na kuma kira Yamai a aiko min biyu in ajiye. Daga yau ba ni bari ya rage guda ɗaya a gida.

Laraba 8 ga Janairu 2025

Jiya na dawo daga asibiti, bari in rubuta tun ban manta ba.

Mura ce ta fara, ɗiyata ta kwaso daga jardan. Ranar Asabar hanci ya toshe, Lahadi tari, lamba 310, na ce bari in ga gobe, alhali a bayan karne an rubuta ƙasa da 320 in zo a ranar. Wannan kuskurena ne ba na kowa ba. Wajen ƙarhe biyun dare na farka kamar an ɗora min turmi a ƙirji, na hura 190. Ina son in kira Hajiya amma kalma biyu ba ta hita sai na tsaya. Ɗiyata ce ta ruga ta buga mata ƙofa, yarinya ƴar shekara huɗu.

Abin da ya taimake ni kahin a samu mota shi ne gorar nan. Majo, shugaban CSI ɗinmu wato ƙaramin asibitin unguwa, ya koya min tun Nuwamba, gorar ruwa ta roba mai rabin lita, a huda gindinta daidai bakin abin shaƙa a cusa, a sa bakin gorar a baki, a danna sau ɗaya a ja lumfashi huɗu ko biyar, sannan a sake dannawa. In ƙirji ya matse mutum ba ya iya daidaita dannawa da ja, maganin a harshe yake tsayawa, gorar ce ke riƙe shi har ya shiga. Na yi danna shida, bayan minti 20 na sake shida cikin motar maƙwabcinmu, ina zamne na dafa kujerar gaba, Hajiya na ta salati tana tofa min addu'a a ka.

Da munka isa sun maƙala min abin auna oksijan na jini a yatsa ya nuna 91. Likitan gardi ya ce mai ciki ba a son ta sauka ƙasa da 95, nan take oksijan, da salbutamol, maganin da ke cikin shuɗi, ta injin tururi sau ukku, da prednisolone, kortikoyid na haɗiya. Da na ga ƙwayar na ce dokta wannan fa, ciki gare ni. Ya ce ya gani ai, miligiram 40 kwana biyar, haɗarin rashin iska ga yaron ya hi haɗarin ƙwayar nesa ba kusa ba. Madam ta zo ta saurari zuciyar yaro, da na ji bugun nan kamar dokin sukuwa sai hawaye, ni da ban yi kuka ba duk daren.

Kwana biyu na yi. An ƙara min yawan mai ruwan ƙasa, an ce in dawo bayan sati. Likitana ya ce tsakiyar ciki zuwa wata na takwas nan ne huka ta hi tashi, kuma mura ce kan gaba wajen tada ta. Sati 24 nike, hunturu kuma sai Fabrairu, to sai a ɗaura ɗamara.

Maigida ya kira ya hi sau goma yana cewa zai taho, na ce ya zamna ya nemo kuɗin rago da na magani, zuwanshi ba zai buɗe min huhu ba. Ya ji haushi kaɗan.

Alhamis 23 ga Janairu

360. Na koma aiki. Wata abokiyar aikina ta kawo min wani jiƙo a gora wai na huka ne daga wani mai magani na wajen Madawa, ta rantse ƙanwarta ta rabu da ita har abada. Na karɓa na gode, ban sha ba. Ban san me ke ciki ba, kuma da ciki ba ni gwaji. Zuma da lemun tsami a ruwan ɗumi dai ina sha don maƙogwaro.

Asabar 15 ga Fabrairu

Sabuwar matsala, ƙwannahi. Ciki ya taso yana danna tumbi, in na kwanta sai ruwa mai tsami ya hau har wuya, sai tari, sai ƙirji ya fara kuka. Dare ukku ina tashi ina zaton hukar ce kawai. Likita ya ce su biyun suna tada juna. Na daina tuwon dare mai nauyi da yaji, ina ci tun bayan magariba kaɗan, hura ma sai da rana, kuma an sa bulo biyu ƙarƙashin ƙafahun gado ta wajen kai. Kilishi da tattasai sai bayan haihuwa, abin da ciwo amma haka nan.

A awon jiya tansiyo ya ɗan hau, 14/9. An auna hitsari babu komi. Madam ta ce masu huka ana sa musu ido a kan hawan jinin ciki, in dawo bayan kwana ukku a sake aunawa. Likita ya ƙara rubutu a karne cewa in har za a ba ni maganin tansiyo kada a ba ni labetalol ko propranolol da danginsu don suna matse hanyar iska, akwai methyldopa da nifedipine. Ni dai na haddace sunayen kamar karatun allo.

Talata 18 ga Fabrairu

12/8. Alhamdulillahi, ba a ba ni komi ba.

Laraba 5 ga Maris

Azumi ya kama. Na so in gwada ko kwana biyu, kowa na yi kai kaɗai kana cin abinci a ɓoye kamar ɓarawo, abin ba daɗi. Na aika ƙanena ya tambayo malamin unguwa, ya ce mai ciki da ke tsoron ma kanta ko ɗanta ta sha ta rama daga baya, a mazhabar Malikiyya ramuwa ce kawai a kanta babu ciyarwa, mai shayarwa ce ke haɗawa da ciyarwa. Maganar ko abin shaƙa na karya azumi ya ce malamai sun saɓa, amma ni tawa ba ta kai can ba tunda ga ciki wata takwas ga zahi ya fara. Hajiya da kanta ta ce in ta gan ni da azumi sai ta kira ɗanta. To an gama.

Abin da ke damuna yanzu soye-soyen marece, ƙosai da hayaƙin mai a kowane gida. Ina shigewa ɗaki daga la'asar sai an sha ruwa.

Na fara konje, wato hutun haihuwa, sati 14 ne gaba ɗaya. Rabuwa da alli kaɗai ta ƙara min 20 a lamba.

Alhamis 27 ga Maris

Yau munka yi zaman shirin haihuwa, ni da likita da madam babba ta matarnite, na tahi da Yayata don kunne biyu sun hi ɗaya, kuma ita za ta kwana da ni. Na faɗa musu abin da ke hana ni barci: in naƙuda ta kama ni huka ta taso a tsakiya, da wane lumfashin zan yi yunƙuri. Likita ya yi dariya ya ce abin mamaki ba kasafai take tashi a naƙuda ba, jiki da kanshi yana zubo sinadaran da ke buɗe huhu a lokacin, kuma satuttukan ƙarshe yawanci sauƙi ake samu. Ya ce huka kaɗai ba dalilin tiyata ba ce, zan iya haihuwa da kaina, in kuma wani dalili ya sa dole a yi to allurar baya ta hi a sa ni barci gaba ɗaya.

An rubuta da jan biro a bangon karne, babba yadda ko daga ƙofa za a gani, cewa ina da asma, wato huka. Ƙarƙashi kuma: in ci gaba da shaƙa ranar naƙuda kamar kullum, shuɗi da gora su kasance kusa da ni ba cikin jaka a waje ba. Bayan haihuwa allurar tsaida jini oxytocine za a yi, in jini ya ƙi tsayawa akwai misoprostol, amma carboprost kada a kusanto da shi, Methergin ma a kauce mishi in da hali don suna iya shaƙe mai huka. Maganin ciwo paracetamol, banda diclofenac da ibuprofene da aspirine, don ni an taɓa yi min allurar diclofenac saboda haƙori shekarun baya na kusa sheƙawa. Ba duk mai huka ke da wannan ba, ni dai ina da shi. Ya tambaya ko na sha prednisolone fiye da sati biyu a jere kwanan nan, don in haka ne sai an yi min hydrocortisone a naƙuda, na ce kwana biyar ne kawai a Janairu, ya ce to babu bukata.

Yaya ta ɗauki hoton bangon karnen a wayarta, ni ma haka, don karne na iya ɓata a ranar da ake nemanshi.

Lahadi 13 ga Afrilu

Zahi kamar a tanda, wuta na ɗaukewa, muna kwana a tsakar gida cikin gidan sauro. Ƙafa ta kumbura, haki ko daga ɗaki zuwa bayi, amma lamba 380, ke nan nauyi ne ba huka ba. Jaka a shirye: zannuwa, kayan jariri, shuɗi sabo da ban taɓa ba, mai ruwan ƙasa, gora biyu, karne a aljihun gaba. Maigida ya iso jiya da dare.

Litinin 21 ga Afrilu

Namiji, ranar Juma'a 18 ga wata da asuba, kilo 3,1. Ina rubutawa yana barci a cinyata.

Naƙuda ta fara Alhamis bayan isha'i. Kahin mu hita na tsaya na shaƙi mai ruwan ƙasa na dare, Hajiya na cewa ke yanzu lokacin wannan ne, na ce Hajiya yanzu ne ma lokacinshi. Madam ɗin da munka tarar a gardi ba wadda munka yi zama da ita ba ce, ga mata cike da ɗaki, ta karɓi karne ta ajiye ba ta ko kalli bangon ba. Yaya ce ta bi ta har tebur ta ce madam don girman Allah ki karanta jan rubutun nan. Ta ɗan ɓata rai amma ta karanta, daga nan ta sa anka matsar da ni kusa da taga, ta kuma hana mai shara zuba ruwan jabel kusa da gadona. Ban riƙe ta a zuciya ba, mutum ɗaya da mata bakwai.

Sau ɗaya kawai na nemi shuɗi, wajen ƙarhe ukku, kuma ina jin tsoro ne ya hi yawa, danna biyu ta gora ya wuce. Da ya hito anka yi min allura a cinya na ɗaga kai na ce wace ce, ta ce oxytocine ce malama kwanta ki huta, ke da tambaya kamar kina kalas. Jini bai yi yawa ba. An ɗora min shi a ƙirji ya kama nono tun a ɗakin. Likita ya ce magungunan shaƙa duka ba su hana shayarwa.

Asabar 26 ga Afrilu

An yi suna jiya. Raguna biyu, an gasa su can bakin titi nesa da ɗakina, wannan maigida ya tsaya a kai. Abin da ba wanda ya iya hanawa shi ne humra da turaren ƴan barka, kowace ta shigo sai ta rungume ni da ƙamshinta, ɗaki ya cika, da la'asar na hura 310 sai na sulale ɗakin Yaya na shaƙi shuɗi na kwanta awa guda, aka ce ma mutane mai jego na wanka. Da dare ya koma 350, yau da sahe na je an gan ni, an ce in ci gaba.

Yanzu maganar jego ce a gabanmu. Innata ta zo daga ƙauye da shirinta cikakke, tukunyar wanka, itace amalanke guda, ganyen bedi, kanwa ƙulli babba, da niyyar hura gawayi a ɗaki don kada sanyi ya shige ni, a watan Afrilu, a Tahoua. Na ce Inna wanka zan yi amma a dafa ruwan a bayan gida a kawo, a surka shi, ba ni zama kan tururi, garwashi kuma ba ya shiga ɗakin da ni da jariri muke. Ta ce ƴaƴan zamani kun raina abin da ya raya ku. Abin dariya Hajiya ce ta tare min, ta ce bar ta, ni na ga daren Janairu da idona.

Kunun kanwa ne ba mu gama ba. Likita ya ce min kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana wahal da zuciya, kuma akwai ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa wanda ake gani da yawa a ƙasar Hausa. Ya ce in na ga haki da kumburin ƙafa, ko na kasa kwanciya sai a zamne, shuɗi kuma bai yi komi ba, lamba tana da kyau, kada in ce huka ce, in zo a diba zuciya. Inna ta ce ba a jego ba kanwa, nono ba ya zuwa. Yau ta dama da ƴar kaɗan ta tsaya a kaina, na kurɓa sau biyu na ce ya yi zahi bari ya huce, tana hita na miƙa ma ƙanwar maigida. Ban san kwana nawa wannan dabarar za ta yi ba, saura kwana 32 a yi arba'in.

Randebu da likita 9 ga Mayu, zai ga ko za a maida mai ruwan ƙasa yadda yake kahin Janairu, ni na ce mishi a bari sai guguwar farkon damina ta wuce tukuna. Lambar sahe 370.